Sharhi kan sashen shiryarwar addini a asibitin da aka yi mini dashen ɓargo

An yi mini dashen ɓargo a wani asibiti a Jidda saboda sankarar jini, kuma ƙanena ne ya ba da nasa. A nan ina so in auna hidimar sashen shiryarwar addini na asibitin ne kawai, domin 'yan uwanmu Hausawan Jidda da Makka suna yawan tambayata ko malamin da ke zagaya majinyata yana da wani amfani.

A cikin asibiti amfaninsa babba ne. Kafin dashe ana ba mutum kimawi, wato maganin sankara, mai ƙarfi da ke kashe ɓargonsa, sannan a keɓe shi a ɗaki mai tatacciyar iska har sabbin ƙwayoyin su kama, abin da yakan ɗauki mako 2 zuwa 4. A lokacin nan sha'anin tsarki ya fi komai damuna, ga amai, ga gudawa, ga bututu a ƙirji wanda ba a yarda ruwa ya taɓa shi ba, har na fara shakkar ingancin sallata. Malam ya shigo da takunkumi da safar hannu, kuma bai ba ni fatawa ba sai da ya tambayi ma'aikaciyar jinya abin da aka hana. An hana shiga da ƙasa, ko da ta taimama ce, saboda ƙwayoyin funfuna da ke iya kama huhun wanda garkuwar jikinsa ta faɗi. Da ya ji mu Malikawa ne, sai ya ce, “Ɗan uwa, a mazhabarku dutse ya isa taimama,” washegari kuma aka kawo mini ɗan dutse mai santsi da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya tuna mini hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari, cewa wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune, in ya kasa ya yi a kishingiɗe. Daga ranar na soma samun barci.

Batun azumi ma ya warware shi da aya ta 185 ta Suratul Baƙara, wadda ta ba mara lafiya damar ajiye azumi ya rama daga baya, tunda maganin da ke hana sabon ɓargo yaƙar jiki ana shan sa duk bayan awa 12, kuma ƙoda tana buƙatar ruwa da yawa.

Inda hidimar ta gaza shi ne bayan sallama. Kwana 100 na farko an hana mutum shiga cunkoso, babu jam'i, babu Juma'a, Harami kuwa yana nan kusa amma ba damar zuwa, kuma a nan ne kaɗaici da waswasi suka fi yi mini nauyi. Ba wanda ya kira daga sashen, ko lambar waya ba a ba ni ba. Haka kuma da Larabci kaɗai ake bayani, don haka mahaifiyata, wadda ta yi jinyata, sai abin da na fassara mata take ji.

Wanda za a yi wa dashe ya nemi ganin malamin tun ranar da aka kwantar da shi, sannan iyalinsa su shirya da wani malami mai jin Hausa da zai riƙa kiransa a waya bayan ya koma gida.