Saurin finga a tab, ya kai a damu da shi kuwa?

Jama'a duk mai shirin sayen tab don Allah ya rage ɓata datarsa a kan bidiyoyin nan da ake jera tab biyu a tebur ana dangwala musu yatsa lokaci ɗaya wai a ga wacce za ta riga buɗewa. Na riƙe tab iri biyu, ta farko fingarta, wato sensar da ke karanta zanen yatsa don buɗewa, a ƙarƙashin sikirin take, wacce ke hannuna yanzu kuma a jikin madannin kunnawa, kuma wallahi bambancin saurinsu bai wuce ƙiftawar ido ba, in ba zama ka yi da gangan kana aunawa ba ba za ka ma lura ba.

Abin da mutane ke mantawa shi ne tab ba waya ba ce. Waya kam ka ciro ka duba saƙo ka mayar aljihu, bayan minti biyu ka sake cirowa, haka har dare, to a nan sauri yana da amfani. Ita kuwa tab sai ka buɗe ta sau ɗaya ka zauna kana karatu ko kallo ko zane awa guda cur ba ka sake taɓa fingar ba. To rabin sakan ɗin da ka ci riba ina za ka kai shi?

Ni abin da ya fi shafata shi ne inda aka dasa sensar. Tab ana juya ta, yanzu tana tsaye kana karanta littafi, anjima ka kwantar da ita ka jona kibod, sai madannin da ɗazu yake sama ta dama ya koma gefen hagu, yatsan da ka yi rajista da shi kuma ba ya kaiwa wurin sai ka murɗa hannu. Tun 2020 Apple suka mayar da Touch ID, wato fingarsu, na iPad Air kan madannin sama, kafin nan a madannin gaba yake tun iPad Air 2 na 2014, su kuma iPad Pro daga 2018 suka koma buɗewa da fuska. Samsung ma a 2020 ɗin sun raba abin gida biyu, Tab S7 a gefe, S7+ a cikin sikirin, saboda sensar cikin sikirin mai aiki da haske tana son sikirin AMOLED ne, shi ya sa galibin masu LCD a madanni za ka ga tasu. Maganin juye-juyen nan dai mai sauƙi ne, na yi rajistar manuniyar dama da ta hagu duka, ko ta ina na riƙe akwai yatsan da ke kusa. Amma fa a kula da rigar da za a sa wa tab ɗin, in mai kauri ce kuma ramin madannin ya yi zurfi, yatsa ba ya kwanciya sosai a kai, sai ka yi ta dannawa tana ƙi.

Wannan ƙin shi ne ainihin abin haushi, ba jinkiri ba. Finga mai ɗan nawa amma da ka ɗora sau ɗaya ta buɗe ta fi min mai saurin walƙiya da sai an yi sau uku. Tsohuwar tawa mai sensa a sikirin lafiya lau take har ranar da na manna mata gilashin kariya, daga nan ta fara wulaƙanci, sai na goge yatsun na sake rajista da gilashin a kai sannan ta ɗan daidaita, duk da haka in hannu ya bushe sosai ko yana da danshi ko na shafa mai sai ta ce a sake. Ga kuma hasken da take watsowa daidai wurin yatsa, domin hoton zanen yatsan take ɗauka, da daddare in ka kashe fitila kuma yatsan bai rufe wurin duka ba sai ya soke ka a ido. Ta madanni ba ruwanta da gilashi tunda ba ta sikirin take karantawa ba, sai dai ita ma jiƙaƙƙen hannu ba ta san shi ba, kuma siririya ce, gefen yatsa kaɗan take gani, don haka lokacin rajista a riƙa jujjuya yatsan sosai kar a yi ta dangwala wuri ɗaya.

Wani abin ma da ya kamata a fara tambaya kafin a zo maganar sauri, tab ɗin tana da fingar kuwa? Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi ba su da ita kwata-kwata, Galaxy Tab S6 Lite ma da mutane ke so saboda alƙalaminta ba ta da ita, sai buɗewa da fuska ta kyamarar gaba. Irin wannan buɗewar ta kyamara zalla ba ta kai finga tsaro ba, ba kamar Face ID ta Apple ba ce mai auna zurfin fuska, a duhu tana wahala, kuma manhajojin banki da na ajiyar lambobin sirri yawanci ba sa karɓarta. A nan ne na fi jin daɗin fingar gaskiya, ba wajen buɗe sikirin ba, wajen shiga manhaja da tabbatar da biyan kuɗi ba sai na tsaya rubuta doguwar lambar sirri a ƙaton sikirin da na kusa da ni ke hango komai ba.

Kuma ko finga ta kai ina sauri lambar sirrin nan ba ka rabu da ita ba. Duk sanda ka kashe ka kunna sai an tambaye ka, iPad in ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba ko yatsa ya faɗi sau biyar a jere sai lamba, Android ma tana neman ta duk bayan awa 72. Tab kuwa ita ce na'urar da ake ajiyewa kwana biyu uku ba a taɓa ba, don haka sau da yawa in na ɗauko tawa lambar take fara nema.

In kuɗinka sun tsaya tsakanin tab biyu, ɗaya fingarta ta fi sauri ɗaya kuma ta fi ram ko batir ko kyan sikirin ko kamfanin ya yi alƙawarin ƙarin shekarun ofdet, ɗauki ta biyun ba tare da dogon tunani ba. In kuma an ba ka dama ka gwada kafin ka biya, sa yatsanka, kulle ka buɗe kamar sau goma a tsaye, ka kwantar da ita ka sake goma da ɗaya hannun, ka ƙirga sau nawa ta ƙi. In da hali ma a gwada da riga da gilashin da za ka riƙa amfani da su a jikinta.