Kwas ɗin kasuwancin tufafi a Yaba

Wata makaranta mai zaman kanta a Yaba tana koyar da kasuwancin tufafi, kuma matasanmu na Agege da Idi-Araba sun fara shiga. Darasin da ya fi amfani shi ne na sanya farashi, inda ɗalibi yake lissafa kuɗin sari, dako, hayar shago da asarar kayan da suka yi kwantai kafin ya ɗora riba. Ana kuma kai ɗalibai kasuwar Balogun su taɓa atamfa da leshi da hannunsu, su koyi bambance na asali da jabu. Sai dai darasin jera kaya ya karkata ga manyan kantuna, alhali yawancin ɗaliban da ƙaramin shago za su fara, ga shi kuɗin makarantar ba kaɗan ba ne.