Fodkas ko tsofaffin hirarraki: wanne za ka riƙe a binciken kisan Murtala?

Ɗan'uwa, ka ce kana aikin kammala digiri a kan kisan Janar Murtala Ramat Muhammad. Ka samu wani fodkas, wato shirin sauti da ake saurara a intanet, mai kashi-kashi da ya bi labarin tun daga tushe, sai wani ya ce maka ka ajiye shi ka je ka nemi tsofaffin hirarrakin da aka yi da waɗanda abin ya faru a gabansu. Kana so ka san wanne za ka dogara da shi.

Ni dai ra'ayina, ka fara da fodkas ɗin, amma kada sunansa ya zama hujjarka a ko'ina cikin aikin. Fodkas tuwo ne da wani ya riga ya tuƙa. Tsohuwar hira kuwa hatsi ce da tsakuwarta, kai za ka tsince. Wanda ya ba ka shawara ya faɗi gaskiya rabi, domin ya manta bai gaya maka cewa hirarrakin ma suna da nasu ƙarairayin ba, kuma sun fi wuyar kamawa.

Abin da fodkas zai yi maka cikin yini biyu shi ne jera maka labari. Za ka fito ka san cewa ranar Juma'a ce, 13 ga Fabrairu 1976, da safe, a Ikoyi ta Legas, motar Murtala ƙirar Marsandi baƙa ta tsaya a gosulo kusa da sakatariyar gwamnatin tarayya, aka buɗe mata wuta. Za ka san cewa dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa ya mutu tare da shi, an kashe Kanar Ibrahim Taiwo gwamnan Kwara a wannan yunƙurin juyin mulki, kuma Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ne ya shiga gidan rediyo ya yi sanarwa. Za ka san wa ya gaji wa: Obasanjo ya hau, Shehu Musa 'Yar'aduwa ya zama na biyu, Danjuma ya ci gaba da riƙe sojan ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya shiga ma'adanar takardu bai san waɗannan sunaye da jerinsu ba, zai ɓata mako guda yana juya shafuka bai san abin da ke wucewa ta gaban idonsa ba. Hirar da aka yi a 1976 ba ta tsayawa ta yi maka bayanin wane ne Bisalla, domin duk mai sauraro a lokacin ya san shi ne kwamishinan tsaro na tarayya.

Matsalar fodkas tana cikin abin da ya sa yake da daɗi. Mai shirin yana so ka dawo kashi na gaba, don haka sai ya zaɓi zaren da ya fi jan hankali ya bi. Idan ya yi hira ta awa biyu da wani tsohon soja, minti huɗu za ka ji, kuma ba ka ji tambayar da ta jawo amsar ba. Inda mutumin ya yi shiru, inda ya ce “ban tabbata ba”, inda ya gyara maganarsa, duk an datse don sauti ya tafi sumul. Sannan a sa kiɗa a ƙarƙashi. Kiɗan nan yana gaya maka wanda za ka tausaya wa da wanda za ka zarga tun kafin ka auna maganar.

Ɗauki sanarwar Dimka. Yawancin masu ba da labarin suna tsayawa ne a wuri ɗaya: ya sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma, wato ya tsare mutane da rana ya sake su da dare. Abin dariya ne, kuma ya dace da hoton da ake so a zana na mutumin da ba ya cikin hayyacinsa. To amma ka nemi sanarwar gabaki ɗaya ka saurara da biro a hannu. Za ka ji ya kira masu juyin da matasa 'yan juyin juya hali, kuma ya ce gwamnonin soja 19 ba su da sauran iko a jihohinsu. Wannan adadin kaɗai ya isa ya tsayar da mai bincike, domin jihohin nan 19 kwana goma ke nan da ƙirƙirarsu, a ranar 3 ga Fabrairu aka sanar da su. Ka kuma lura da abin da bai faɗa ba: bai ambaci sunan wanda zai zama shugaban ƙasa ba. Fodkas zai ba ka abin dariyar, kaset ɗin zai ba ka tambayoyi uku da za su iya zama babi guda.

Yanzu ga inda nake so ka yi hattara, domin ɗalibai da yawa suna ɗaukar duk abin da ya tsufa a matsayin gaskiya. Hirarrakin da za ka samu a kan wannan kisa ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancinsu da juna ya fi bambancinsu da fodkas girma.

Akwai na lokacin, 1976. Mafi shahara shi ne furucin Dimka bayan an kama shi a farkon Maris a yankin Abakaliki, wanda gwamnati ta fitar, jaridu suka buga. A ciki ya ambaci Janar Yakubu Gowon, wanda a lokacin yana karatu a Jami'ar Warwick a Ingila, ya kuma ambaci wasu manya. Gowon ya musanta, gwamnati ta nemi Birtaniya ta miƙo shi ta ƙi, sai a 1981 Shagari ya yi masa afuwa. Wannan furuci hujja ce ta gaske, amma hujjar me? Hujja ce ta abin da mutumin da ke tsare, wanda ya san abin da ke jiransa, ya faɗa a gaban waɗanda ke riƙe da shi, kuma su ne suka zaɓi abin da za a fitar wa jama'a. Kana iya rubuta “Dimka ya ce”, ka sa kwanan wata. Ba ka da ikon rubuta “ya tabbata cewa” daga wannan kaɗai.

Akwai kuma na baya-bayan nan, waɗanda aka yi bayan shekara ashirin, talatin, arba'in. A nan mutum ba ya tsoron bindiga, amma yana kare sunansa. Babangida ya sha ba da labarin yadda Danjuma ya tura shi gidan rediyo, ya shiga ya yi magana da Dimka wanda abokinsa ne, aka sake tura shi da ƙarfin soja, Dimka kuma ya sulale ya tsere. Tambayar yadda ya tsere tana nan har yau ana jan ta. Idan ka tara hirarrakin da mutum ɗaya ya yi a kan wannan safiya a shekaru daban-daban ka jera su, za ka ga abin da ya tsaya cak da abin da yake motsi. Wanda ya tsaya shi ne kashin bayan labarin. Wanda yake motsi kuma ba shara ba ne, yana nuna maka abin da mai maganar yake so a tuna da shi a wannan shekarar. Fodkas ba zai yi maka wannan aikin ba, domin shi siga ɗaya zai ɗauka, wadda ta fi daɗin ji.

Ga kuma abin da ya fi damuna, wanda ya shafi fodkas da ma'adana baki ɗaya. An harbe mutum sama da 30 da aka yanke wa hukuncin kisa kan yunƙurin juyin a ranar 11 ga Maris 1976, cikinsu har da Manjo Janar Bisalla. A ranar 15 ga Mayu aka harbe Dimka da Joseph Gomwalk, tsohon gwamnan Binuwai-Filato, da wasu. Shari'ar a kotun soja aka yi ta, a asirce. Ke nan duk hirar da aka yi bayan Mayun 1976, da waɗanda suka tsira aka yi ta, kuma mafi yawansu su ne suka yi nasara suka riƙe mulki. Ɓangare guda ya shekara hamsin yana magana, ɗayan yana kabari. Da yawa cikin waɗanda aka harbe daga yankin Filato da kewaye suke, kuma labarin da ake bayarwa a Jos ko Pankshin ba lallai ya zo daidai da wanda muka tashi muna ji a Kano ba. Mu da muke ƙaunar Murtala, wannan wuri ne da ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan, domin ƙauna tana sa mutum ya karɓi magana bai juya ta ba. Fodkas mai kyau yakan yi ƙoƙarin nemo iyalan waɗancan, kuma idan naka ya yi haka, a nan ya fi ma'adana amfani, domin ya samar da muryar da ba ta cikin kowane tsohon kaset.

Sai batun hannun ƙasashen waje, wanda na tabbata fodkas ɗinka ya ba shi kashi guda cur. Dalilin zargin a fili yake. Murtala ya goyi bayan ƙungiyar MPLA, ɗaya daga ɓangarorin yaƙin basasar Angola, wadda Amurka ke adawa da ita, gwamnatinsa ta fitar da wasiƙar da Shugaba Ford na Amurka ya aiko kan batun ta yi tir da ita, sannan ya yi jawabinsa na Addis Ababa kan batun, a taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a watan Janairu 1976. Dimka kuma ya je ofishin jakadan Birtaniya, Martin Le Quesne, a safiyar juyin yana neman a sada shi da Gowon, abin da ya jawo Nijeriya ta nemi a janye jakadan. Ɗalibai sun yi zanga-zanga a ofisoshin jakadancin ƙasashen biyu. A nan tsofaffin takardu sun yi wa fodkas nisa. Saƙonnin da ofishin jakadancin Amurka a Legas ya riƙa aikawa gida a zamanin jakada Donald Easum suna kan intanet a shafin ma'adanar takardun Amurka, kyauta. Ƙungiyar ADST, mai adana tarihin diflomasiyyar Amurka, tana da rubutattun hirarraki da tsofaffin jami'an diflomasiyyar Amurka, cikinsu har da waɗanda suka yi aiki a Legas. Fayilolin ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya suna ma'adanar takardun ƙasar da ke unguwar Kew a Landan. Ka karanta su ka ga abin da suka ce da kwanan watansu. Amma ka riƙe wannan: takardar da ta nuna Amurka ta ji haushin Murtala hujja ce ta haushi, ba ta kisa ba. Haka kuma jakadan da ya ce bayan ya yi ritaya “ba mu san komai ba”, abin da ake sa ran zai faɗa ke nan. Kuma kada daɗin wannan zargi ya sa ka tsallake dalilan cikin gida, waɗanda ba su da armashi a kunne: shirin rage yawan sojoji da suka kai kusan 250,000 bayan yaƙin basasa, da ƙarin girman Janairu 1976 da ya ɗora Danjuma a kan Bisalla.

Wajen wahala kuwa ba a haɗa su. Fodkas data kawai yake ci. Tsofaffin hirarraki suna cin kuɗin mota da haƙuri. Ka je Gidan Arewa a Kaduna da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can, ka nemi kundin New Nigerian da Daily Times na Fabrairu zuwa Mayu 1976. Kada ka raina Gaskiya Ta Fi Kwabo, domin yadda aka ba masu karatun Hausa labarin shi ma abin nazari ne. Takardun sun yi ja, gefensu yana marmashewa, wani lokaci ka tarar da shafin da kake nema an yage shi. Ka ɗauki hoton shafi gabaki ɗaya har da kwanan watan da ke sama, ba sakin layin da kake so kaɗai ba. Guntayen bidiyon da ke yawo a WhatsApp da YouTube kuma, kada ka amince da rubutun da aka liƙa musu. Ka nemi asalinsu a taskar kamfanonin dillancin labarai na AP ko Reuters, inda kowane fim yake da ranar da aka ɗauke shi.

Ga yadda zan haɗa su da ni ne kai. Ka saurari fodkas ɗin sau ɗaya don jin labari. Ka sake saurara da littafin rubutu, duk inda ya faɗi abu a matsayin gaskiya ka rubuta shi da mintin da ya faɗa, ka bar fili a gefe. Aikinka shi ne cike wannan fili da asalin maganar: wa ya faɗa, yaushe, ga wa, yana tsare ko yana sake, yana kan mulki ko ya sauka. Abin da ka kasa samo masa asali, ka ajiye shi gefe komai daɗinsa. Idan mai fodkas ɗin ya yi sabuwar hira da kansa da wani shaida, wannan kaɗai kake iya ambata kai tsaye, kuma ka rubuta masa ka roƙi cikakken sautin da ba a datse ba. Wasunsu suna bayarwa.

Tunda kana Arewa, kana da abin da masu fodkas na waje ba su da shi. Waɗanda suka halarci jana'izar a Kano suna samari yanzu sun haura saba'in, haka tsofaffin sojojin da ke bariki a ranar da ma'aikatan rediyo. Ka nemi izininsu kafin ka kunna rikoda, ka faɗi rana da wuri a farkon sautin, kuma ka tambaye su abin da suka gani da idonsu daban, abin da suka ji a gari daban.