WhatsApp ko Jumia: ina ya fi dacewa da kayan fatar Sakkwato?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce tana sarin takalma da jakunkunan fata a hannun maɗunka, tana sayarwa daga gida a unguwar Mabera da ke Sakkwato. Tambayarta ita ce ta ci gaba da talla a WhatsApp, ko ta kai kayan Jumia, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, don ta samu masu saye daga nesa.

Hajiya, abin dubawa na farko shi ne irin kayanki. Aikin hannu ne. Takalmi biyu da aka rubuta wa lamba 40 ba lallai su zo daidai ba, kuma jan fatar da aka rina yau ba zai yi kama da na makon jiya sak ba. A WhatsApp wannan ba matsala ba ce, don ciniki ne na baki da baki. Sai ki ce mai saye ta taka takarda, ta zana sawunta, ta auna tsawonsa da tef ta turo miki, ki ɗauki bidiyon takalmin da za ki ba ta ɗin, ta gani ta amince. A Jumia kuwa hoto ɗaya ne yake wakiltar duk abin da ke ƙarƙashinsa. In kala ta saɓa ko takalmi ya matse, mai saye na da damar mayarwa, kuma hakan yana rage miki maki a shafin.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne ƙaramin jari yake shan wuya. Jumia tana cire kamasho a kowane ciniki gwargwadon rukunin kaya, kuɗinki kuma ba ya shigowa sai kaya sun isa hannun mai saye. Oda ta shigo, dole ki kai kayan wurin da suke karɓa cikin wa'adi, in ba haka ba a soke ta. Wadda take jiran kuɗin jiya don ta koma wurin maɗunki yau ba za ta jure wannan ba. A WhatsApp kuɗi ne ke fara shigowa. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, har waɗanda a da ba sa yarda da ita, ga OPay da Moniepoint da PalmPay a wayoyi. Haɗarin wajen shi ne alat na bogi. Kada ki saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon tes, ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin sun hau. Mai cewa "na tura, netwok ne" ya yi haƙuri ya jira.

Isar da kaya a cikin gari, Arkilla ko Runjin Sambo, aikin ɗan kabu-kabu ne. Na Kano ko Abuja sai tasha: ki rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin ƙunshin, ki ɗauki hoton lambar motar da ta direba ki tura masa. Ki sa takarda cikin takalmin kada ya lotse, da damina kuma ki ninka leda, don fata ba ta shiri da laima. Wahalar isar da kaya ga mai saye Jumia tana ɗauke miki ita, kuma nan ne ta fi.

Inda WhatsApp ya gaza shi ne yawan masu gani. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ne zai gan shi. Saƙon bai-ɗaya (broadcast), wanda ake tura wa mutane da yawa a lokaci guda, shi ma mutum 256 kawai yake ɗauka. Don haka ki koma WhatsApp Business, ki jera kayan a katalog da farashinsu, ki riƙa sa gajerun bidiyo a Facebook da TikTok don jawo baƙin ido zuwa lambarki.

A ganinmu ki zauna a WhatsApp tukuna. Ranar da kika samu maɗunki ɗaya da zai iya fitar miki da samfuri guda, kala guda, a ce ƙafa ashirin ba bambanci, kuma kina da jarin da zai iya kwana a waje, to ki gwada Jumia da wannan samfurin kaɗai. Jaka ta fi dacewa da gwajin, tunda ba ta da matsalar lamba.