Inshorar Mota a Abuja: Nawa Tarihin Tuƙinka Zai Rage Maka?

Mai mota a Abuja da ya je sabunta inshora yakan yi zaton shekarun da ya yi bai buge kowa ba za su sauke masa farashi sosai, alhali amsar ta dogara ne ga irin inshorar da ya zaɓa. Wadda doka ta wajabta, wato mai biyan wanda ka yi wa ɓarna, NAICOM, hukumar kula da harkokin inshora ta ƙasa, ce ta ƙayyade kuɗinta: tun 1 ga Janairun 2023 motar gida tana biyan naira 15,000, diyyar dukiyar da aka lalata kuma tana kaiwa naira miliyan 3. A nan direba mai natsuwa da mai ganganci kuɗi ɗaya suke biya, saboda haka babu abin ciniki, sai dai ka duba lambar motarka a NIID, rumbun bayanai na kamfanonin inshorar Najeriya, don ka tabbatar takardar ba ta bogi ba ce.

Cikakkiyar inshora, mai gyara har motarka, ita ce ke duba tarihi. Kamfani yana auna abu biyu: matsakaicin asarar masu irin motarka, da abin da kai kanka ka jawo masa, sannan ya ba kowanne nauyi gwargwadon yawan shaidar da ke bayansa. Mota ɗaya shaidarta kaɗan ce, domin shekara guda babu haɗari tana iya zama sa'a kawai, ko da mutum yana ratsa cunkoson Nyanya safe da yamma. Binciken da masana lissafin inshora Bailey da Simon suka yi a 1959 kan motocin Kanada ya nuna cewa shekara ɗaya ta mota ɗaya ba ta kai ko kashi 10 cikin 100 na nauyin ba. Shi ya sa rangwame yake tafiya a hankali. A Faransa ana rage kashi 5 duk shekarar da ba ka jawo haɗari ba, ana ƙara kashi 25 idan laifinka ne, kuma sai an shekara 13 kafin kuɗin ya koma rabi. A Najeriya akwai wani shinge kuma: bayan duk wani rangwame, kuɗin ba zai gaza kashi 5 na darajar motar ba, wato naira 500,000 ga motar miliyan 10. Duk dillalin da ya yi maka tayin ƙasa da haka, ya kamata ka yi masa tambayoyi.

Mai motoci da yawa, kamar makaranta ko kamfanin sufuri, lamarinsa daban ne, domin tarihin motoci 40 na shekaru uku shaida ce mai nauyi, kuma yana da bakin neman ragi idan direbobinsa suna kiyayewa.

Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, irin na Jaiz Takaful da Noor Takaful, inda ake zuba gudummawa a asusun taimakon juna, kuma idan an samu rara akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. A ganina wannan ma sakayya ce ga tuƙi mai kyau, sai dai rarar ba alkawari ba ce, tunda ta dogara ga asarar dukan mahalarta a shekarar.

Kafin ka sa hannu, nemi a rubuta maka rangwamen kowace shekara, da abin da za ka rasa idan ka nemi diyya sau ɗaya, da kason da za ka biya daga aljihunka a kowane gyara, sannan ka tambaya ko za su karɓi shaidar tarihinka daga tsohon kamfaninka. Wannan lissafin ne zai nuna maka, ranar da aka fasa maka fitila a shataletalen Berger, ko za ka kira kamfani ko kuwa ka wuce wajen makanikai a Apo ka biya da kanka.