Ledis mantil ƙarama tsakanin duwatsu: abin da na gani a Gusau

Jama'a tun bara nike son in rubuta wanga sharhi, don kar wani shi ga hoto a intanet shi zuba kuɗinshi kamar yadda na yi bai san mi ke jiranshi ba. Ina da ɗan hili bakin ƙofar ɗaki inda na jera duwatsu da ƙanena ya ɗebo min a mota daga wajen Kwatarkwashi, sai nike neman shuka gajeruwa wadda za ta rufe ƙasar da ke tsakaninsu. Shi ne na ci karo da ledis mantil ƙarama, a jikin fakitin an rubuta Alchemilla erythropoda, na yi oda.

Irin kam mai kyau ne, ba zan ci haƙƙin mai sayarwa ba. Sai ya sha sanyi kahin ya tsiro, don haka na sa shi cikin yashi mai laima a leda na tura firij har sati huɗu, ga wuta ba ta tsayawa, kullum ina fargaba. Na shuka watan Nuwamba, cikin ƙwara wajen talatin guda tara sunka hito, a hankali ƙwarai. Janairu na dasa su gindin duwatsun inda inuwar dogon yaro ke kaiwa.

Wallahi lokacin hunturu ta burge ni. Ganyen ɗan zagaye ne mai naɗi kamar mahuci, kore mai ɗan shuɗi-shuɗi, da gashi mai laushi, in ka yayyafa ruwa da sahe ba ya jiƙa shi, sai ya dunƙule ya zauna bisa ganyen ƙwaya-ƙwaya yana ƙyalli kamar an zuba tsakiya. Ɗiyata ƙarama kullum sai ta duƙa ta taɓa da yatsa ta ga sun gangara. Don wannan kaɗai ban ce na yi asara duka ba.

Amma hwa da bazara ta shigo labari ya canza. Ƙarshen Maris bakin ganyen ya fara ƙonewa, ina ba ta ruwa sahe da marece duk a banza, don dutsen kanshi da azahar ba ka iya aza mai hannu, zahi ta sama zahi ta ƙasa. Kahin Afrilu ya ƙare bakwai sun bushe ƙurmus. Asalinta hwa tsaunukan gabashin Turai ne da Turkiyya da Kokesas, inda ƙanƙara ke sauka, mu kuwa nan zahi na wuce digiri 40. Abin da ya ɓata min rai shi ne ko layi ɗaya babu a tallar da ya ce ba ta jure zahi irin namu. Kuma ba ta yaɗo, dunƙule take yi tsawonta bai wuce taƙi ba, sai an dasa da yawa kusa da juna sannan ta rufe waje. Huren nan nata ruwan ɗorawa mai kore-kore ban ma gan shi ba.

Da na kai ma wani dattijo mai saida fulawa ganyen, ya jujjuya shi ya ce "Hajiya wagga ba 'yar ƙasarmu ba ce, ki ɗauki ten oklok ki huta." Na ce to Baba ba ni. 'Yar'uwar harshen saniya ce, reshe kawai kake tsinkewa ka soka a ƙasa ya kama, kahin tsakiyar damina ta lulluɓe tsakanin duwatsun da ja da ruwan hoda, sai dai hurenta da hantsi yake buɗewa da marece ya rufe.

Biyun da sunka rage na mai da su tukunya kusa da randa cikin zaure. Ɗaya ta ruɓe watan Agusta da ruwa ya yi yawa, ɗayar tana nan da ganye shida, ina jiran hunturu in hito da ita waje.