Rumfar da babu mai tsaro a dajin Schwarzwald

Jama'a, ranar Asabar na hau jirgin ƙasa daga Freiburg zuwa Titisee, cikin dajin Schwarzwald na kudancin Jamus, na kama hanyar ƙafa da ta nufi Feldberg, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a yankin, mita 1,493.

Ina cikin tafiya sai ga wata 'yar rumfar katako kusa da gidan wani manomi. Firji ne a ciki, ga cuku, ga madara, ga zuma, ga ruwan tuffa, kowanne an rubuta farashinsa da hannu. A gefe akwatin kuɗi a buɗe, tsaba cike. Babu mai kaya, babu yaron shago, babu maigadi. Wata tsohuwa ta zo ta ɗauki kwalbar zuma, ta saka takardar kuɗi, ta ƙirga canjinta daidai, ta yi gaba abinta. Wallahi na daɗe tsaye a wurin, raina ya ɓaci. Mu da muke jin wa'azin amana kullum, ranar Juma'a sai mutum ya danne takalminsa a hamata zai shiga masallaci.

Hanyoyin ma haka. Duk mararraba akwai allo da sunan gari da nisan kilomita, aikin 'yan sa-kai na ƙungiyar Schwarzwaldverein da aka kafa tun 1864. A garuruwa da yawa, in ka kwana a masauki za a ba ka katin KONUS, ka hau bas da jirgin yankin kyauta.

Abinci kuwa sai haƙuri. Ko'ina naman alade, kek ɗinsu da ya yi suna akwai giya a ciki. Da burodi da cuku na wuni, ina ta begen tuwo da miyar kuka. Zamiya a kan dusar ƙanƙara da hunturu, tsakanin hayar kaya da kuɗin motar igiya mai hawa da mutane kan tsauni, sai mai hali.

Abin da ya fi ci mini rai, tsauninmu na Chappal Waddi da ke gandun dajin Gashaka-Gumti a Najeriya ya kai mita 2,419, ya ninka Feldberg sau ɗaya da rabi har da ɗoriya. Cikinmu wa ya taɓa kai iyalinsa? Dajin Kamuku da na Rugu kuwa mun sallama wa 'yan bindiga, mai neman itacen girki ma yana tsoron shiga.